Hannun da Sajan Ya Ƙi

"Ki ɗan sunkuya, comadre. Ni tsawona bai kai haka ba," in ji Don Críspulo daga cikin lilon ragar da yake kwance.

Ismenia ta sunkuya. Malafarsa ce a kanta, rigarsa mai ratsin shuɗi ce a jikinta, maɓallan sun ƙi haɗuwa a ƙirji, ga jatan lande ɗaya tsakanin yatsunta tana lilo da shi a saman ruwan akwatin gilashi. Mace mai jikoki, wadda duk layin ke shakkar bakinta, yau ga ta ta koma mutum-mutumin gona a falon maƙwabcinta saboda kifi.

Kifin ya leƙo daga fasasshiyar tukunyar da yake kwana a ciki, ya taso a hankali yana kaɗa 'yan fikafikansa, ya tsaya daidai fuskarta ta cikin gilashin. Talibambam ne na teku, irin mai ƙayar nan, girmansa bai fi tafin hannun ƙato ba, ido ƙwala-ƙwala, baki a tsuke kamar na mai shirin gulma. Ya dubi malafar, ya dubi rigar. Sannan ya juyo ido ɗaya ya ƙare wa Ismenia kallo, ya ba ta wutsiya, ya koma tukunyarsa ko sauri bai yi ba.

"Ya gane ki!" Críspulo ya fashe da dariya. Dariyar ta juye tari, tarin ya naɗe shi har ya dafe gefen cikinsa. "Wayyo ni. Cewa ya yi rigar ta Críspulo ce, amma fuskar ta mai suya ce."

"Ubansa ne mai suya," in ji Ismenia. Ta fizge malafar ta jefa kan kujera. "Kai kana nan kana ruɓewa, ni ina nan ina yi wa kifi kwalliya. Ka ga idonka kuwa yau? Kamar an jiƙa shi a ruwan ɗorawa."

"Ido nawa ne. Ki sake gwadawa."

Ba wasa ya kawo ta gidan ba. Likitar da ke leƙowa ƙauyen jefi-jefi ta taɓa cikin Críspulo, ta dubi idonsa, ta ce abin da ke ciki ba na ƙwaya ba ne, sai an je asibitin birnin Cumaná an yi aiki, kuma kada a yi jinkiri. 'Yarsa Nélida, wadda ta tafi Lima, can ƙasar waje, neman abinci kamar sauran matasan layin, kullum sai ta kira a wayar Ismenia tana kuka. Shi kuwa tsohon ya kafe a kan magana ɗaya. Ranar da Sajan ya ci abinci a hannun wani, ranar zai hau mota. Kafin nan ko fadan coci ne ya zo da kansa, ba inda za shi.

Sajan shi ne kifin. Sunan ya samo shi ne saboda yadda yake cika ƙirji idan an ɓata masa rai.

A ƙauyen nan ba wanda ke ɗaukar irin wannan kifi a bakin komai. Idan ya faɗo cikin taru, zagi ake yi a cillar da shi kan yashi. A da, lokacin da baƙi ke zuwa hutu, akan busar da shi a kumbure a sa masa idon kwalba a sayar musu. Yanzu baƙin ma sun ɗauke ƙafa. Críspulo ya tsince shi ne yana ɗan mitsitsi a gindin kwalekwalensa, a shekarar da matarsa ta rasu Nélida kuma ta tafi. Maimakon ya cillar, sai ya sa shi a bokiti ya kawo gida. Ya nemi gilashin tsohon akwatin burodi na shagon da aka rufe, ya liƙe, ya zuba yashi da duwatsu, ya haɗa ɗan injin da ke hura kumfa. Ruwa kuwa sai na bayan duwatsu yake ɗebowa a jarka, don na bakin gaɓa duk man inji ne.

An yi masa dariya har aka gaji, Ismenia ce kan gaba. Shi ya riƙe ɗanta ranar baftisma a coci, shi ya sa suke kiran juna compadre da comadre, katanga ɗaya kuma ta raba gidajensu, don haka tana ganin tana da ikon faɗa masa duk abin da ya zo bakinta. Tun tana budurwa take fasa cikin kifi, tana kankare ɓawo, tana soya empanada, ƙullin masarar nan mai kifi a ciki, a ƙofar gida. A wurinta kifi iri biyu ne, wanda ake ci da wanda ake zubarwa.

Amma fa ko ita ta san kifin nan ba na banza ba ne. Críspulo zai jefa marfin kwalba a ruwan, Sajan ya taso ya turo shi da baki har gefen gilashi, tsohon ya ɗalle shi da yatsa ya koma can ƙarshe, kifin ya sake turowa, su yi ta yi har kofi ya huce. Zai kifa ƙwanso uku a kan yashi, ya ɓoye ɗan naman ƙaguwa a ƙarƙashin ɗaya, ya jujjuya su. Sajan zai tsaya ya karkata kai, ya huro ruwa da baki ya kifar da wanda abincin ke ciki. In ya yi kuskure, sai ya haura sama ya feso wa tsohon ruwa a fuska, kamar shi ne ya yi maguɗi. Rediyo biyu ya kashe da wannan feshin, don ba ya son a saurari ƙwallo a bar shi. Idan ya ƙoshi kuma, Críspulo zai buɗe tafin hannu a cikin ruwa, kifin ya zo ya kwanta a kai ana shafa masa ciki. Duk wannan da Críspulo ne kaɗai. Kowa ya matso, tukunya.

"Matsalarki kina zuwa masa ta sama," in ji tsohon washegari. "Kamar kwasakwasa. Duk abin da ya zo wa kifi ta sama, mutuwa ce. Ki jawo kujera ki zauna, fuskarki daidai tasa. Kuma ki daina wanke hannu da sabulun nan naki, ki wanke da ruwan jarka."

"Sai kuma me? In yi masa waƙa?"

"In kina da murya. Ki dai yi masa hira."

"Hirar me zan yi da kifi, compadre?"

"Wadda kike yi da kowa. Zagin mutane."

Haka aka shiga yi. Da ta sauke kaskon safe, sai ta goge hannu ta shigo ta zauna gaban gilashin. Ta ba Sajan labarin surukarta da ba ta iya dafa wake ba, da na Evaristo mai a-kori-kura da ke zuba ruwa a manja, da na ɗanta da ya tafi Colombia ya ce wata biyu zai yi. Kwanakin farko bangon tukunya take yi wa magana. Daga baya ido ɗaya ya fara leƙowa. Wata safiya ta ɗora yatsa a jikin gilashin ta ja shi gefe, sai ga kifin ya biyo. Ta ja sama, ya biyo. Ta yi zagaye, ya yi zagaye har ya kusa kifewa, ta ji dariya ta kuɓuce mata kafin ta kama bakinta.

"Na ji ki," in ji Críspulo, idonsa a rufe.

"Tari na yi."

Idan an ɗauke wuta, abin da ba ya wuya a ƙauyen, injin kumfar kan tsaya. A da Críspulo ne ke tsayuwa da moɗa yana ɗebo ruwan yana zubawa daga sama don kada kifin ya shaƙe. Yanzu ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, aikin ya dawo kan Ismenia. Takan bar mai a kan wuta ta rugo. Tana zubawa, Sajan zai shiga ƙarƙashin ruwan da ke zubowa ya bar shi ya wuntsila shi, ya fito ya sake komawa. Ita kafaɗa na ciwo, shi wasa ya samu.

Abinci ne dai bai karɓa a hannunta ba. Kullum sai ta tallafo tsohon daga lilo, ta riƙe shi ta ƙugu, ya miƙa hannu, sannan Sajan ya ci. Kullum kuma nauyin da take tallafowa raguwa yake yi, sai cikin da ke ƙara tasowa. Tana jin ƙasusuwan haƙarƙarinsa a damtsenta, tsoro ya kama ta, ta rufe tsoron da masifa.

"Wallahi in ka mutu a hannuna sai na soya shegen kifin nan na raba wa karnuka."

"Karnukan za su bi ni, guba ne da shi. Yau ki sa hannun cikin ruwa. Ki buɗe shi kamar mai roƙo, kada ki motsa."

Hantsi ne, rana ta shigo ta taga ta haske yashin. Ismenia ta naɗe hannun riga, ta ɗora jatan lande a tsakiyar tafinta, ta nutsa hannun a hankali har gwiwa. Sajan ya fito. Ya zagaya hannun daga nesa, ya sake zagayawa kusa. Ya taɓa wuyan hannunta da baki, ya ja baya, ya dubi Críspulo can a lilo kamar mai neman izini. Ismenia ta ɗauke numfashi. Kifin ya matso, bai ko kula abincin ba, ya sauko ya ɗora cikinsa a kan tafinta. Laushi ne da shi kamar kumatun jariri, ba ta taɓa sanin haka ba.

Sai hannun ya rufe.

Ba ita ta ce ya rufe ba. Hannu ne da ya saba, duk sanda ya ji santsin kifi mai rai a tafi, ya damƙe bayan kai kafin a sulluɓe. Abin da uwarta ta koya mata ke nan a bakin kwalekwale da ranƙwashi, abin da ta ci da shi ta aurar da 'ya'ya. Kafin hankalinta ya iso, yatsun sun gama aikinsu. Sajan ya haɗiyi ruwa ya kumbura ya zama ƙwallon ƙaya, ƙayoyin suka shige mata tafi, ta yi ƙara ta saki.

Críspulo, wanda ya kwana biyu bai iya miƙewa shi kaɗai ba, sai ga shi ya diro daga lilo. Ya faɗi kan gwiwa, ya rarrafa, ya kama gefen teburin ya ɗago kansa. Ya sa hannu biyu ya tallafi kifin a ƙarƙashin ruwa don kada ya haɗiyi iska, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa irin ta lallashin yaro. An daɗe kafin Sajan ya sace. Yana sacewa ya shige tukunya.

Ismenia na tsaye, jini na ɗiga daga yatsunta kan siminti. Ta jira zagi. Da ya zage ta da ta ji sauƙi, don ta san yadda ake ramawa.

"Ba ke ba ce, comadre," in ji shi yana haki. "Hannun ne. Je ki wanke."

Daga ranar Sajan bai sake bin yatsanta ba. Da ya ga inuwarta a ƙofa, sai tukunya. Faɗuwar kuma ta ƙarasa abin da ya rage na ƙarfin tsohon. Aka mai da shi gado a ƙuryar ɗaki, inda ba ya iya hango gilashin. Romon kifin da take kai masa cokali biyu yake sha ya kau da kai. Shi bai ci ba, kifin bai ci ba, ita kuma tana kai da kawo tsakanin ɗaki da falo da kwano biyu da ba mai so.

Nélida ta kira da rana tsaka. "Inna Ismenia, don Allah ki ɗaure shi ki sa a mota. Ni ba ni da halin zuwa, in na fita ba za su bar ni in dawo ba. Ki ce masa kifin ya mutu ma, kowa ya huta."

"In na ce masa haka, kafin ki ajiye waya ya bi shi."

"To ki ce ya ci! Inna, yana gani ne? Ki ce ya ci."

Ismenia ba maƙaryaciya ba ce. Laifinta a layin ma shi ne ba ta iya ɓoye gaskiya ko da ta ɗaci ce. Ta kwana tana juya maganar. Da safe ta shiga falon, ta nutsa hannu a ruwa don ya jiƙe, ta tsame jatan landen jiya da ke kwance kan yashi ba a taɓa ba, ta cilla wa kyanwa ta taga. Sannan ta shiga ƙurya da fara'ar da ta aro.

"Compadre, tashi ka sa wando. Mutuminka ya ci."

Ya buɗe ido a hankali. "Ya ci?"

"Ya ci, har yana neman ƙari."

"A hannunki?"

"A'a, a ƙafata. Ka ga hannun ai a jiƙe."

Ya dubi hannun. Ya dubi gaban rigarta, ya dubi fuskarta, ya daɗe yana dubanta da idanun nan masu rawaya har ta ji kamar ta nutse. Ta san abin da yake nema. Duk wanda ya ciyar da Sajan ba ya fitowa da busasshiyar fuska.

"To, madalla," in ji shi. "Aika a kira Evaristo."

Evaristo ya zo da a-kori-kurarsa bayan azahar, ya shimfiɗa katifa a baya. Shi da wani maƙwabci suka ɗora tsohon a kujerar roba suka ɗauko shi kamar mutum-mutumin waliyyin da ake zagayawa da shi ranar bikin coci. Ismenia ta riga ta ƙulla kayansa a jaka, ta sa nata takalmin fita.

"Ke ina za ki?" in ji Críspulo.

"Kasuwa. Ina kuwa za ni? Wa zai yi jinyarka?"

"Zoila za ta taho daga Carúpano, 'yar'uwata ce, aikinta ne. Ke in kin tafi aka ɗauke wuta, wa zai zuba masa ruwa? Ku tsaya nan, Evaristo. Matso da ni."

Suka ajiye kujerar gaban gilashin. Kafin ya yi magana Sajan ya fito a guje, yana hawa yana sauka a jikin gilashi, yana kaɗa duk jikinsa, yana feso ruwa har kan wandon Evaristo. Críspulo ya miƙa hannu baya bai waiwayo ba. Ismenia ta gane, ta sa masa jatan lande a ciki. Kifin ya fizge shi tun bai taɓa ruwa sosai ba. Aka ba shi na biyu ya haɗiye, na uku ma haka, har haƙoransa na ƙara. Ko makaho ya ji wannan ci ya san na mai tsohuwar yunwa ne.

Ismenia ta sunkuyar da kai tana jiran a tona ta gaban maza.

"Kai Sajan, ka ji tsoron Allah," in ji Críspulo. "Ka ci na comadre da safe, yanzu ka ci nawa. Ƙiba za ta kashe ka." Ya buɗe tafinsa, kifin ya kwanta a kai. Ya shafa shi da babban yatsa, ya shafa, har Evaristo ya fara sauya ƙafa. Sannan ya zare hannun ya goge a gwiwa. "Mu je kafin rana ta yi sanyi."

A bayan motar ya kwanta yana kallon sama, malafar a kan ƙirjinsa. Ismenia ta riƙe ƙarfen gefe. Abin da ta iya cewa kawai, kada ya yarda su ba shi kofin asibiti, ruwan wanki ne. Ya ɗaga mata yatsu biyu. Motar ta bi ta gaban gidajen da aka garƙame da kwaɗo, ta sha kwana wajen coci.

Bai kai ga aikin ba. Bayan 'yan kwanaki, tana tsakiyar juya empanada a mai, wayar ta yi ƙara. Muryar Doña Zoila ce, a dake. Likitoci sun duba sun ce abin ya riga ya bazu, da an zo da wuri ne. Ya cika da asuba a gadon ƙarfe, tsakanin mutum biyu da bai sani ba. Maganarsa ta ƙarshe tambaya ce, ko akwai wuta a gida.

Ismenia ta ajiye wayar, ta kwashe empanadar da ta ƙone, ta zauna kan turmi. Baƙin ciki ya danne ta, da haushin kanta a samansa. Ta ko'ina ta duba ba ta ga mafita ba. Da hannunta bai rufe ba, wataƙila da ya tafi da sauran lokaci. Da kuma bakinta bai yi ƙarya ba, da ya mutu dai, amma a ɗakinsa, yana jin ƙarar kumfa ta bango.

Aka kawo gawar da yamma, aka ajiye akwatin gawar a falo, kyandir a kai da ƙafa, kofin ruwa a ƙarƙashi. Doña Zoila, doguwa mai baƙar riga da ba ta taɓa kwana a gidan ba, ta bi ɗakuna tana lulluɓe madubai da farin zane kamar yadda ake yi. Da ta zo kan akwatin gilashin ta yi ɗan tsai, ta yafa masa zanen gado, ta sunkuya ta zare wayar injin daga bango.

"Doña Zoila, mai rai ne a ciki," in ji Ismenia.

"Gilashi ne, yana nuna fuska. Kuma ba za a ja carbi ana wannan gurnanin ba."

"Zanen ki bar shi in kina so. Amma in kika sake taɓa wayar nan, gawa biyu za a yi wa addu'a, kuma ta biyun ba ta kifi ba ce."

Matan da ke zaune suka sunne kai. Ismenia ta mai da wayar. Haka aka yi addu'ar, muryoyin mata na tashi suna sauka, injin na gurnani a ƙarƙashin farin zane. A waje maza na shan kofi, ta ji wani na cewa ai kifin ne ya kashe shi, wani ya ce a'a, kifin ne ya riƙe shi har ya kai yanzu. 

Bayan an binne shi aka shiga addu'ar kwana tara. Zoila ta faɗa tun farko, ana gamawa za ta yanke wutar gidan ta rufe ta koma Carúpano. Ismenia ta yi tunanin ɗauke akwatin kifin zuwa nata gidan, amma me za ta ɗauka? Kifin ba ya ci. Ta gwada ƙaguwa, ta gwada naman katantanwar teku, ta gwada jefa masa ta fita ta rufe ƙofa. In ta dawo abincin na nan yadda ta bar shi. Launinsa ya koɗe, cikinsa ya lotsa. Ya daina shiga tukunyar ma. Sai ya tsaya a kusurwar da ke kallon lilon, wanda yanzu aka naɗe aka rataye a ƙusa. Ta jefa masa marfin kwalba, marfin ya yi ta yawo a saman ruwa har ya maƙale a gefe.

"Inna, ki yi yadda kika ga ya dace," in ji Nélida a waya. "Ni ban ma taɓa ganinsa ba sai a hoto."

Ranar da za a rufe gidan, Ismenia ba ta ɗora kasko ba. Ta ɗauko bokiti, ta nutsa shi duka a cikin akwatin, ta bi kifin da shi a hankali ta ƙasa. Bai yi gardama ba, ƙarfin ma babu. Ta rufe bokitin da tsumma ta ɗora a ka. Masu gyaran taru a bakin gaɓa suka bi ta da ido, wani ya buɗe baki zai yi zolaya, na kusa da shi ya taɓa shi.

Ta san ba ceto take kai shi ba. Kifin da ya girma tsakanin gilashi huɗu, wanda bai taɓa farautar ko tsutsa ba, me ya sani game da teku? Amma a gidan mutuwa tabbas ce, nan kuwa aƙalla ba za ta gani ba.

Ta wuce kwalekwalen da ke kife, ta bi ta kan duwatsu zuwa inda ruwan yake garau. Ta tattare siket ta shiga har gwiwa, ta sauke bokitin, ta karkata shi a ƙarƙashin ruwa. Sajan ya fito. Ya yi gaba kaɗan, ya tsaya. Gabansa ruwa ne shuɗi har iyakar gani, babu bango, babu kusurwa. Wani ɗan igiyar ruwa ya ture shi gefe, ya daidaita kansa da ƙyar.

"Tafi mana," in ji Ismenia. "Ga garinku nan. Tafi, ka ji?"

Ya juyo. Ya dawo a hankali, ya zagaya ƙaurinta na dama, ya ratsa tsakanin ƙafafunta, ya goga gefensa a idon sawunta. Sannan ya taso saman ruwa daidai gabanta, ya fito da ɗan bakinsa waje, ya kafa mata ido yana jira.

Ta laluba aljihun gabanta, ta laluba ɗaya. Ba ta zo da komai ba. Bokitin ya sulale daga gefenta yana lilo, ruwa na janye shi zuwa duwatsu, ba ta bi shi ba. Ta tsaya cak don kada ta taka shi, ruwan safe na hawa a hankali yana jiƙa bakin siket ɗinta, kifin na zagaya gwiwoyinta.